Tallar Gyaɗar Havana da Buhunan Maijirgi

Duk motar da ta rage gudu a Maijirgi, a kan kwaltar da ta ratsa Tasawa ta nufi Damagaram, sai ƴan talla sun yi mata caa. Faranti a ka, hannu ɗaya a gefensa, murya a sama. Wata da ƙuli-ƙuli, wata da dafaffen ƙwai, wata da soyayyar gyaɗa ƙulli-ƙulli a leda, wadda mutanen wannan yanki suka fi kira gujiya. Kowace da yadda take jan kiranta, da inda take ɗaga murya, da inda take karya ta ta ja numfashi. Matafiyin da ya miƙo dala biyar ta taga ba ya lissafa wannan cikin waƙa. Amma irin wannan kira ne, daga bakin mai tallar gyaɗa a wani birni da ke hayin Tekun Atlantika, ya buɗe wa waƙoƙin Sifaniyanci ƙofar kasuwar duniya, shekara casa'in da ɗoriya ke nan.

Sunan waƙar El Manisero, wato mai gyaɗa. Wanda ya tsara ta, Moisés Simons, haifaffen Havana ne, babban birnin Kuba, ɗan makaɗi da ya tashi a gaban fiyano. A Havanar wancan zamani, kamar a Kano ko Maraɗi, kowace haja da kiranta: mai mangwaro da nasa, mai gawayi da nasa, mai wasa wuƙa da nasa. Masu gyaɗa da yamma suke fitowa, riƙe da gwangwani mai garwashi a ƙasa don kada ta huce, suna ƙunsa ta cikin takardar da aka naɗe kamar mazurari. Mutanen Kuba suna kiran wannan kira pregón, kuma makaɗansu sun daɗe suna tsintarsa a titi suna ɗora shi a kan kiɗa. Simons ya ɗora nasa a kan son, kiɗan da ya taso daga gabashin tsibirin, inda garayar Sifen ta haɗu da gangar Afirka. Zabiya Rita Montaner ce ta fara sa waƙar a faifai, a kamfanin Columbia, can ƙarshen shekarun 1920.

Da a nan ta tsaya, da sai dai mutanen Havana su riƙa tuna ta.

A watan Afrilun 1930 wata ƙungiyar makaɗa daga Havana, ƙarƙashin Don Azpiazú, ta hau dandalin Palace a birnin New York. Mawaƙinsu Antonio Machín ne, saurayi ɗan shekara 27, uwarsa baƙar fata ƴar Kuba, ubansa mutumin Sifen. Ya fito da shigar mai tallar gyaɗa. Abin da ya fi ɗaukar hankalin ƴan kallo shi ne kayan kiɗan da yawancinsu ba su taɓa gani ba: caki guda biyu da ake kaɗawa, ɗan duma mai tsaga-tsaga da ake karta da tsinke, tagwayen ƙananan ganguna da ake matsewa tsakanin gwiwoyi, da wasu ƴan sanduna biyu na itace mai tauri da ake bugawa uku sannan biyu, uku sannan biyu, su ne ke riƙe da dukan kiɗan. Bahaushe da ya ga kayan nan ba zai tambayi yadda ake amfani da su ba. A watan Mayu kamfanin RCA Victor ya ɗauki waƙar, sannan ya ajiye ta watanni yana ɗari-ɗari, don ba a saba sayar wa Amurkawa waƙar da ba sa jin kalmominta ba. Da aka sake ta a ƙarshen shekarar, ba ta tsaya ba.

A lokacin babu jadawalin da ke jera fayafayan da suka fi kasuwa mako-mako. Mujallar Billboard sai a watan Yulin 1940 ta fara buga irin wannan jeri, shahararren jadawalinta na waƙoƙi ɗari kuwa, Hot 100, sai a watan Agustan 1958. Ma'aunin wancan zamani shi ne takardar da aka rubuta kiɗan a kanta, wadda ake saya a kai gida a buga a fiyano. Kamfanin E. B. Marks ya sayar da fiye da miliyan ɗaya na takardun mai gyaɗa, kuma zuwa 1943 Simons ya karɓi kimanin dalar Amurka 100,000 na haƙƙin mallaka. An yi mata baitocin Ingilishi. Louis Armstrong ya busa ta kafin 1930 ta ƙare, Hollywood ta sa ta a fim a 1931, Stan Kenton ya sake tayar da ita a 1947. An ɗauke ta a faifai fiye da sau 160. A kan faifan Victor an rubuta mata rumba, alhali a Kuba rumba wani kiɗa ne daban na ganga da murya zalla. Kuskuren ya zauna daram, ya bi faifan duk inda ya je, har ya zama sunan kiɗan wata ƙasa guda a tsakiyar Afirka.

Karyewar tattalin arziki ce ta turo waƙar Afirka. Bayan rushewar kasuwar hannun jari a 1929, cinikin faifai a Amurka ya faɗo daga sama da miliyan 100 a 1927 zuwa miliyan 6 a 1932. A Ingila manyan kamfanoni biyu, Gramophone da Columbia, suka haɗe a 1931 suka zama EMI, suka shiga neman masu saye a ƙasashen da Turawa ke mulka. Tura injiniya ya ɗauki mawaƙan gida yana cin kuɗi. Sake buga abin da ke ajiye kuwa kusan kyauta ne. Don haka a 1933 masana'antarsu da ke Hayes, kusa da Landan, ta fara fitar da wani jerin fayafayai na kiɗan Kuba da maƙwabtanta musamman don kasuwar Afirka, kowanne da lambar da ta fara da GV, a ƙarƙashin tambarin nan mai hoton kare ya kasa kunne a bakin garmaho. Zuwa 1958 an fitar da kimanin 250. Na farkonsu, GV1, shi ne mai gyaɗa na Azpiazú da Machín.

Faifan garmaho baƙi ne, mai nauyi, mai saurin fashewa kamar tangaran. Waƙa ɗaya a kowace fuska, minti uku ko ƙasa da haka. Garmahon ba ya son lantarki: a wana shi da hannu, a ɗora allura, idan ta dakushe a sa wata. Saboda haka yana iya zuwa duk inda mai kuɗin sayensa yake.

A shekarar nan ta 1933 wani abu ya faru a Faransa da ya fi faifai taɓa rayuwar Maijirgi. Gwamnati ta sa harajin kwastan a kan ƙwayoyin mai da ake shigowa da su daga ƙasashen waje, don ta ba gyaɗar ƙasashen da take mulka fifiko a masana'antun Marseille da Bordeaux. Maijirgi kuwa ta san Faransa tun kafin wannan. A watan Yulin 1899 ne rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bar gawarwaki da toka tun daga bakin kogin Kwara har Birnin Ƙonni da ƙauyukan ƙasar Tasawa, ta zo ƙarshenta a wannan yanki. Sun harbe kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka juya musu baki suka kashe su. Kaburburan da aka yi musu a Maijirgi suke. Mulkin da ya biyo baya ya zo da haraji a kan kowane kai, kuma da kuɗi ake biya. Gero na ciki ne, ba a taɓa rumbu sai dole. Abin da manomi zai shuka ya samu kuɗin haraji shi ne gyaɗa, kuma jigawar Tasawa da Mayahi da Magarya tana karɓarta.

Daga shekarun 1930 aka shiga zamanin cinikin gyaɗa gadan-gadan. Da kaka a buɗe kasuwa, a rataye sikeli, dillalan kamfanoni su baza yaransu ƙauyuka da kuɗin da aka ba su tun da wuri. Da yawa daga cikin manyan alhazan Maraɗi, waɗanda Bafaranshe Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986, a bakin sikelin nan suka fara tara jari. Buhuna su bi jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci, su tsallaka iyaka zuwa Kano, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1911, inda kuma Alhassan Ɗantata da irinsa suke jera buhu a kan buhu har dala ɗaya ta ci kimanin 15,000. Daga Kano sai Ikko, daga Ikko sai teku. A 1953 Faransawa suka ɓullo da wani tsari da suka laƙaba wa sunan tsattsewa, Opération Hirondelle, don karkatar da gyaɗar Nijar zuwa Parakou da Kwatano, motoci su sauka da gyaɗa su hauro da kaya.

Kayan da ke haurowa su ne abin dubawa. Kamfanonin da ke sayen gyaɗa, irin su UAC da CFAO da SCOA, su ne kuma masu kantunan da ake sayen atamfa da fitila da sukari da basukur da keken ɗinki da garmaho. Jiragen ruwan da ke kwasar buhunan manoman Tasawa zuwa Turai, irinsu ne ke dawowa da akwatunan fayafayai, cikinsu har da wanda wani ɗan Kuba ke tallar gyaɗa. Ita kanta gyaɗar baƙuwa ce: asalinta Kudancin Amurka, wajen Bolibiya da Faragwai na yau, jiragen Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka a ƙarni na 16. Bugun sandunan nan biyu kuma da ya ruɗa New York, a cikin jiragen bayi ya tafi. Fiye da mutum 700,000 aka sauke a Kuba daga Afirka, Yarabawa da mutanen Kwango da na Kalaba da na Dahomey, kuma ba a soke bauta a tsibirin ba sai 1886. Hausawan da aka sayar ta teku sun fi yawa a Bahia ta Brazil, inda suka yi ta tayar da bore a farkon ƙarni na 19. Ƙwaya ta zo daga can, kiɗa ya tafi daga nan, a 1933 suka dawo tare a kan faifai ɗaya.

A bakin teku an gane kiɗan tun daga bugun farko. A Léopoldville, Kinshasa ta yau, da Brazzaville da ke kallonta ta hayin kogi, samari suka haddace fayafayan GV, suna rera Sifaniyancin da kunne ba tare da sanin ma'anarsa ba. Gidan rediyon Brazzaville, wanda mutanen de Gaulle suka ƙara wa ƙarfi a 1943, ya watsa kiɗan ko'ina. Sannu a hankali aka cire Sifaniyanci aka sa Lingala, aka mayar da aikin fiyano da ƙaho kan gita. Joseph Kabasele ya kafa African Jazz a 1953, Franco da abokansa suka kafa OK Jazz a 1956, kuma lokacin da ake zaman neman ƴancin Kwango a Brussels a farkon 1960, waƙar da ta zama tutar murna ita ce Indépendance Cha Cha, mai ɗauke da sunan rawar Kuba a goshinta. A 2021 UNESCO ta sa rumbar Kwango cikin kayan gadon ɗan Adam. A Dakar akwai Star Band daga 1960 da Orchestra Baobab daga 1970, a Gini akwai Bembeya Jazz, a Kwatano akwai Gnonnas Pedro. Modibo Keïta na Mali ya tura samari goma Havana a 1964 su koyi kiɗa, suka kafa Las Maravillas de Mali. Jagoransu Boncana Maïga mutumin Gao ne, garin da ke bakin kogi ɗaya da Yamai, kuma shi ne daga baya ya haɗa mawaƙan Senegal da makaɗan New York a ƙungiyar Africando.

A ƙasar Hausa fa? Nan labarin ya sha bamban. Kiɗan Kuba ya shigo, amma bai wuce zaure ba. An ji shi a gidajen rawa na Sabon Garin Kano da Kaduna da Jos, cikin rigar highlife. An ji shi a Yamai wajen ma'aikatan gwamnati da ƴan boko da baƙi ƴan Dahomey da Togo da ke riƙe da ofisoshi. Manomin da gyaɗarsa ta biya kuɗin jirgin ba ya cikin masu saurare. Abin da ya rage masa bayan haraji da bashi na tufafin iyali ne da gishiri da hidimar aure.

Kuɗi ba shi ne dukan dalili ba. Kiɗan Kuba na rawar namiji da mace ne riƙe da juna, a ɗakin da ake sayar da giya, kuma wannan ba shi da mazauni a garin da ake kunyar suruki ake jin maganar malam. Sannan kiɗa a nan yana da masu shi. Sarki da makaɗansa na tambari da kakaki da algaita, mahauta da kalangu, manoma da gangar noma, ƴan kokawa da ƴan dambe da nasu, ƴanmata da gaɗa a dandali. Waƙar Bahaushe magana ce da wani, ana kiran sunansa da na ubansa da na garinsu, shi kuma ya miƙe ya yi kari. Waƙar da ba a jin abin da take faɗa, ba ta kuma kiran sunan kowa, da wuya ta samu wanda zai yi mata kari. Mai talla da ƙaramin ma'aikaci ma ba su rasa mawaƙa a gida ba. Mamman Shata da kansa ya yi tallar goro da alewa kafin ya rungumi kalangu, kuma Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya ɗaukaka karen mota har ya zama abin waƙa a gaban manya.

Baƙon da ya samu shiga har ɗaka daga gabas ya zo. Tun shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya arewacin Nijeriya, suka tarar da kasuwa a buɗe. Auren dole, biyayyar iyaye, mace mai lulluɓi da kunya, masoya da ke waƙa ba tare da sun wuce gona da iri ba: duk abubuwan da mai kallo ya sani ne. Abin da samarin Kinshasa suka yi wa Sifaniyanci, shi samarin Kano da Maraɗi da Damagaram suka yi wa Indiyanci. Suka haddace da kunne, suka rera yadda suka ji, sannan suka cire kalmomin suka sa nasu. Masu bandiri suka ɗauki karin waƙoƙin Indiya suka yi yabon Manzon Allah (SAW) da su, abin da masani Brian Larkin ya yi nazari a kai a Kano, kuma daga wannan jijiya waƙoƙin nanaye na finafinan Hausa suka tsiro, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana nunawa. Tafarkin ɗaya ne da na Kwango, faifan da aka ɗora wa allura ne ya bambanta.

Jadawalin wannan yanki kuwa a rediyo yake. An buɗe Rediyon Nijar a 1958, aka kafa ƙungiyoyin masu saurare a garuruwa daga 1962, amma a ƙasar Maraɗi kunne ya fi karkata Kaduna. Shirin Zaɓi Sonka shi ne ma'auni: mai saurare ya aika kati, ya zaɓi waƙa, ya jero sunayen waɗanda yake gaisarwa, daga mahaifiya har abokin da ya tafi cirani. Waƙar da kati ya fi yawa a kanta ita ce ta ɗaya, ko da ba wanda ya buga adadin a jarida. Billboard na ƙirga wanda ya saya. Zaɓi Sonka na ƙirga wanda ya tuna da wani.

Gyaɗar ma ta yi tashenta ta sauka. Bayan ƴancin kai gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA a 1962 ta karɓi cinikin daga hannun kamfanonin Turawa, kuma a tsakiyar shekarun 1960 gyaɗa da manta su ne kusan kashi biyu cikin uku na abin da Nijar ke sayarwa waje. Daga nan komai ya taru mata. Faransa ta janye farashin gata da take biya saboda ƙa'idojin kasuwar Turai. Fari ya kama daga 1968 har 1974. A 1975 darɓa ta sauka ta yaɗa kuturtar gyaɗa, wadda a arewacin Nijeriya kaɗai ta cinye kadada kimanin 700,000, ba ta kuma tsaya a kan iyaka ba. Yuraniyom na Arlit, da aka fara haƙa a 1971, ya karɓe gaba a lissafin gwamnati. Manoman Tasawa da Mayahi suka koma wake da riɗi da aya, dalar Kano ta zama fili.

A Amurka kuwa ƙofar da mai gyaɗa ya buɗe ba ta rufe ba, ko da yake ba ta cika buɗewa ba. Cikin shekara kusan sittin na farkon Hot 100, waƙoƙin Sifaniyanci uku ne suka kai ta ɗaya a jadawalin. La Bamba ta Los Lobos a 1987, tsohuwar waƙar biki ce daga Veracruz ta Meziko. Macarena, wadda wasu dattawa biyu daga kusa da Seville, Los del Río, suka fitar a 1993, sai da aka yi mata sabon kiɗa da baitocin Ingilishi a Miami kafin ta yi mako 14 a sama a 1996. Sai Despacito ta Luis Fonsi da Daddy Yankee, ƴan Puerto Rico, wadda suka rubuta tare da Erika Ender ƴar Panama. Ta fito ranar 13 ga Janairun 2017, ta mamaye ƙasashen Latin, amma sai da Justin Bieber ya sa murya a watan Afrilu ta kai ta ɗaya a Amurka, inda ta zauna mako 16. A watan Agustan shekarar bidiyonta ya zama na farko da aka kalla sau biliyan 3 a YouTube. Wanda ya kasa kunne ga gangar da ke ƙarƙashinta zai ji bugu uku, uku, biyu, ɗan gida ɗaya da na sandunan Azpiazú. Sau da yawa Amurka ta nemi a ɗan fassara mata kafin ta karɓa, tun daga 1930 har 2017. Dakar da Kinshasa ba su taɓa neman haka ba.

Sifaniyanci ya shigo gidajen Hausawan Nijar ta wata ƙofa da ba a zata ba, ta talabijin. Wasannin kwaikwayon Meziko, irin su Marimar da Rubí, an mayar da maganarsu Faransanci, amma waƙar buɗe shiri tana nan da harshenta. Adeline Masquelier, wadda ta shafe shekaru tana bincike a Dogondutsi, ta rubuta yadda matasa ke taruwa kallon Rubí suna muhawara a kan so da talauci da abin da kuɗi ke yi wa aure. Yaran da suka tashi a lokacin suna iya rera waƙar buɗewar da kunne, kamar yadda iyayensu suka rera ta Indiya.

Yau waƙa tana isa ƙauye a cikin memori. A kowace kasuwar mako akwai saurayi da ƴar kwamfuta da batir ko farantin sola, ana ba shi waya ya cika ta da wa'azi da ƙira'a da nanaye da finafinan Indiya masu fassarar Hausa, daga nan kuma waƙa ta bi Bluetooth da Xender daga aljihu zuwa aljihu a fada ana shan shayi. Wannan hanya ta fitar da taurari. Mdou Moctar, Ba'abzine daga yankin Tawa, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon injin gyaran murya irin na mawaƙan Hausa. Ba kanti, ba kamfani. Wayoyi suka ɗauke shi har arewacin Mali, inda Ba'amurke Christopher Kirkley ya tsince shi ya sa shi a faifan da ya haɗa a 2011 na waƙoƙin wayoyin Sahara. Jaruma ta Hamisu Breaker ta cika gidaje a 2020, lokacin kullen korona, matan aure suna rawarta suna turawa. Billboard ta fara jadawalin duniya a 2020, Nijeriya ta samu jadawalin TurnTable a shekarar, Spotify ta shigo a 2021, amma duk suna ƙirga abin da ya bi ta intanet ne ko ta gidajen rediyon da suke sa wa ido. Waƙar da ta tashi daga waya zuwa waya a Maijirgi ko Mayahi ba ta barin sawu a littafin kowa, kuma mawaƙin da ya yi ta ba ya ganin ko dala. Wannan rashi ne na gaske, ga mawaƙi da kuma ga duk mai son sanin abin da miliyoyin Hausawa ke saurare.

Karin mai gyaɗa dai ya samu hanyarsa ta kusa. Cardinal Rex Lawson, gwanin highlife daga yankin Kalabari da ya rasu a haɗarin mota a 1971, ya gina waƙarsa Sawale a kansa. Kusan shekara arba'in bayan rasuwarsa mawaƙi Flavour na Enugu ya ɗauko Sawale ya yi Nwa Baby, wadda ta game tashoshin mota da wuraren biki a Afirka ta Yamma a 2011. Yawancin masu rawarta ba su taɓa jin sunan Simons ba. Shi ya rasu a Madrid a 1945. Machín ya koma Sifen a 1939, ya rasu a 1977, an binne shi a Seville. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa faifan Montaner da na Azpiazú cikin jerinsa na 2005 na sautukan da za a adana.

A Maijirgi har yanzu ana shuka gyaɗa, sai dai ba ta ganin teku. Bayan damina a tumɓuke ta, a shanya, a tsige, a ɗaure harawa a ɗora a kan rufi don tumakin layya. Mata su saya tiya-tiya, su soya, su kai inji, su matse mai, su murza tunkuza su yi ƙuli-ƙuli, mahauta su karɓi nasu don yajin tsire da labun kilishi. Sauran a soya da rairayi da ɗan gishiri, a ƙulla a leda, a jera a faranti, yarinya ta ɗauka ta nufi bakin kwalta kafin motocin Damagaram su fara wucewa.